Sakatar Bindigar da Na Wanke da Toka

Sai da saje ya warware ƙyallen na san na yi wani abu. Ya ɗaga kusurwa ɗaya, ya ɗaga ta biyu, ya tsaya. Ni kuwa ina gefen tebur, hannuwana a baya, ina jiran ya ce sannu da aiki. Ƙarafan nan biyu suna kwance a kan farin hankicina, suna ƙyalli kamar sababbin cokula. Ya kalle su, ya kalle ni, ya sake kallonsu.

"Kilaki, wane ne ya taɓa wannan?"

"Ni ce, Oga. Na wanke."

"Ka wanke." Shi haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. "Ka wanke da mene ne?"

"Da toka. Da ɗan yashi. Sai lemun tsami."

Ya jawo kujera ya zauna. Tunda na fara aiki ban taɓa ganin mutumin nan ya zauna a ofishina ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya faɗi wani abu da yarensu wanda ban ji ba, amma na san sunan Allah ne. 

Bari in koma baya kaɗan, domin ko ni da abin ya faru a kaina, in ban bi shi daki-daki ba sai ya rikice mini.

Na gama sakandare, ina jiran sakamako, sai na baro Kagoma na zo Kafanchan wurin gwaggona. Na iya buga tafireta, saboda haka aka ɗauke ni a wani ƙaramin barikin soja da ke bayan gari, ina buga musu takardun hutu da jerin sunayen masu gadi. Ni kaɗai ce farar hula a ofishin, ni kaɗai ce mace. Sunana ma ba su damu da shi ba, Kilaki kawai suke cewa, wato akawu. A shekarar nan ba a wasa da maganar bindiga. Ba a daɗe ba da muka yi ta jin sunayen sojoji a rediyo, an kama wane, an harbe wane, wasu ma daga garuruwan da ke kusa da mu. Ko a majami'a in za a yi addu'a domin ƙasa, fasto yakan rage murya.

Ran Talata da safe suka tafi filin harbi. Damina ce, an kwana ana ruwa. Wajen ƙarfe goma na ji motar soja ta shigo da gudu, ana ihu. Bindigar wani kofur ce ta fashe a fuskarsa. Ba bakin ne ya fashe ba, ta baya ne. Akwai wani ƙarfe da ake turawa ya rufe harsashi a ciki kafin a harba, kamar yadda ake tura sakatar ƙofa, yana da kunnuwa biyu a gaba da suke riƙe shi. Kunne ɗaya ne ya ɓalle da ɓangaren kan, ya yage wa kofur kumatu har kusa da ido. Na san shi, mutum ne mai dariya, yakan kawo mini citta daga gonar matarsa.

Saje ya shigo a guje, rigarsa duk jini, ya ajiye wani abu a naɗe cikin jarida a kan teburina.

"Ka ajiye wannan da kyau. Gobe babban mutum zai zo daga Kaduna, zai duba. Da kyau, ka ji?"

Ya fita, suka wuce asibiti.

Na zauna ina buga aikina, amma jaridar ta jiƙe, jini ya fara fitowa ta ƙasa. Kafin azahar ƙudaje sun taru. Na buɗe na ga doguwar sakatar da guntun da ya ɓalle, duk sun yi baƙi da jini da hayaƙi, har da wani abu fari-fari da ban so in san mene ne ba.

A gidanmu, in fartanya ko adda ta sari mutum, kafin ma a gama ɗaure masa ciwon an aiki wani ya wanke ƙarfen, ya goge da toka. Mamata takan ce muddin jinin mai rai yana bushewa a jikin ƙarfe, ciwon ba zai haɗe ba. Na yi kimiyya a makaranta, na san babu wannan a littafi. Na kuma san abin da fasto zai ce. Amma ina zaune ina kallon ƙuda a kan jinin mutumin da ya kawo mini citta, kuma an ce baƙo babba zai zo. Wa zai miƙa wa baƙo abu haka? An ce in ajiye da kyau. Ni abin da na gane da kyau ke nan.

Na je bayan ofis wurin matar da ke sayar mana da abinci, na ɗebi toka a murhunta, na roƙi lemun tsami ɗaya. Na durƙusa a bakin famfo na dirje su kamar gindin tukunya. Inda ya karye ɗin ne ya fi wuya, domin yana da kaushi, baƙin ya shige ciki, sai na ƙara yashi. Da suka yi fes na haɗa guntun da uwar sakatar in ga yadda yake a da. Bai zauna daidai ba, na juya, na sake gogawa, har ya zauna. Na shafa musu man tafireta don kada su yi tsatsa, na naɗe a hankicina na zuwa sujada. Wallahi ranar da daɗin rai na koma gida.

Washegari ke nan saje ya warware ƙyallen ya zauna. Yana nan zaune har baƙon ya iso.

Kyaftin ne, injiniya, ɗan siriri, mai tabarau. Na yi tsammanin zai yi tsawa. Bai yi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya fito da wani gilashi mai ƙara girman abu, ya matsa kusa da taga, ya yi ta juya guntun. Can ya ce, da Hausa mai kyau irin ta masu karanta labarai:

"Malama, zo ki gani."

Na leƙa cikin gilashin. Layuka ne birjik, wasu sun tsallake wasu.

"Ƙarfe in ya karye, fuskarsa takan faɗi yadda aka yi. In yau ya karye gaba ɗaya, sai ki ga fuskar tana haske, da ƙwaya-ƙwaya kamar gishiri. In tsohuwar tsaga ce take cin sa a hankali, sai ki ga wani wuri baƙi, da layuka a jere kamar waɗanda ruwa yake bari a bakin rafi in yana janyewa. In kuwa mutum ne ya sa magagarin maƙera ya ci gindin kunnen don ya karye a hannun wani, sai ki ga ƙarce. To, me kika gani?"

"Ƙarce, ranka ya daɗe."

"Ni ma shi na gani. Na yashinki ne, ko na magagari ne da yashinki ya rufe?"



Ya zauna a kujerata, ni ina tsaye, ya fara tambaya. Wa ya ce in wanke? Babu kowa. To don me? Na faɗa masa maganar ƙudaje da maganar baƙo. Na yi jinkiri, sannan na faɗa masa ta Mamata. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Aji nawa kika gama?"

"Biyar."

Ya rubuta. Na san mai gyaran bindigogin barikin? Na san shi. Ɗan ina ne? Ɗan wajenmu ne. Majami'a ɗaya? Ɗaya, muna ƙungiyar mawaƙa tare. Ya taɓa ɗaukata a babur? Sau biyu, da ruwa ya tare ni. Kowace amsa gaskiya ce, amma ina faɗa ina jin tana zama wani abu dabam kafin ta kai takardarsa. A nan na ji cewa tun jiya mai gyaran yana gadirum, kuma an ce sun taɓa cacar baki da kofur.

Sai ya yi tambayar da har yanzu take hana ni sukuni.

"Kafin ki wanke, ke kaɗai kika ga fuskar ƙarfen nan da kyau. Yaya take?"

"Baƙa ce."

"Duka, ko wani ɓangare?"

"Wani ɓangare. A'a, duka. Jini ne."

Ya zana rabin wata a takarda, ya cika shi da layuka. "Kin ga irin wannan?"

Na ce na gani. Na ga kamar na gani. Sai na tuna shi ne ya bayyana mini shi ɗazu, wataƙila daga bakinsa na ɗauka. Na ce ban tabbata ba. Ya ce to wanne zai rubuta, na gani ko ban gani ba? Na fashe da kuka. Saje daga bakin ƙofa ya ce, "Oga, yarinyan nan ba shi da wayon mugunta, ko ƙarya bai iya ba."

"Saje, ba ni zan yanke ba," in ji kyaftin. "In na koma babu amsa, za su ce an ɓata shaida da gangan. Kuma za su so ganin wanda ya ɓata." Ya juyo gare ni. "Jibi Juma'a zan koma Kaduna. In ban samu abin da zan nuna ba, da ke zan tafi. Ki faɗa a gida."

Na faɗa a gida. Gwaggo tana tankaɗen acca a tsakar gida, ta ajiye rariyar.

"Toka! Shekara biyar ana aika ki makaranta, ki je ki wanke wa gwamnati bindiga da toka! Ke tukunyar gidan nan sai na yi magana sau uku!"

"Gwaggo, jini ne fa."

"Da kin bar wa ƙudajen abinsu! Danginki ne?" Ta zauna a kan turmi, ta riƙe kai. Can ta ce, a hankali, "Amma jinin mai rai kam ba a barinsa a ƙarfe. Nan kin yi daidai."

"To na yi daidai ko ban yi ba?"

"Ke, rufe mini baki, ina tunani."

Ran Alhamis aka ce kada in zo ofis, kada kuma in bar gari. 'Yan zumuntar mata suka zo da rana suka kewaye ni, suka yi addu'a, kowa ta ɗora mini hannu. Wata tana roƙon Ubangiji ya buɗe idon kyaftin, wata tana roƙon ya rufe shi. Ni dai ina durƙushe ina ƙoƙarin ganin fuskar ƙarfen nan a cikin kaina. In na rufe ido sai in ga rabin wata. In na sake rufewa sai in ga jini kawai. Har na fara tambayar kaina ko mai gyaran ya taɓa ce mini wani abu a kan babur wanda na manta. Ban san me na sani ba.

Juma'a da hantsi motar soja ta tsaya a ƙofar gida. Gwaggo ta riga ta ɗaure mini ƙunshi: zane biyu, sabulu, Littafi Mai Tsarki, da soyayyar gyaɗa. Ba ta yi kuka ba, sai gyara mini ɗankwali take ta yi. Na hau baya tare da saje. Amma maimakon hanyar Kaduna, sai motar ta juya wajen tasha, ta shiga loko, inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa.

"Oga, da jirgi za mu?"

"Ka yi shiru, Kilaki. Kyaftin yana neman wani tsoho."

Tsohon fita ne, wato makanikin jirgi, mai farin gemu, rigarsa ta yi baƙi da mai, ɗan cikin gari. Kyaftin ya gaishe shi da ladabi har da ɗan rusunawa, abin da ya ba ni mamaki. Ya miƙa masa doguwar sakatar. Tsoho ya juya ta, ya sunsuna.

"Wa ya yi wannan aiki? Ko kwanon amarya bai kai haka ba."

Saje ya nuna ni da haɓa.

"'Yata, in kin rasa aiki ki zo, muna da kawunan jirgi goma sha suna jiran wanka."

Ma'aikatan da ke kusa suka yi dariya. Ni ban iya ba. Ina rungume da ƙunshina a kan wani benci.

Kyaftin ya ce fuskar da ta karye ta tafi, babu abin da za a karanta a kanta. Amma kunnuwan biyu ne, tare aka ƙera su, tare suka sha duka duk lokacin da aka harba. In ciwo ne ya ci ɗaya, wataƙila ya fara cin ɗayan. Ya duba da gilashinsa kwana biyu bai ga komai ba.

"Gilashi ba ya gani," in ji tsoho. "Mu nan ƙarfen ƙafar jirgi ma ba da ido muke kama shi ba."

Ya tsoma sakatar cikin gwangwanin kananzir, ya bar ta. Ya tafi ya yi wani aiki, ya dawo, ya ciro ta ya goge da tsumma har ta bushe ƙarau. Ya dama alli da ɗan ruwa, ya shafa a gindin kunnen da ya rage, ya ɗora ta a kan wani bututu mai ɗumi.

"In akwai tsaga, ta sha kananzir. Tsumma ba ya kai wa can. In alli ya bushe zai jawo shi waje, ku ga layi. In babu, alli zai zauna fari."

"In ya zauna fari fa, Baba?" Ban san lokacin da na yi magana ba.

Tsoho ya kalli kyaftin. Kyaftin ya kalli agogonsa.

Muka zauna muna kallon alli. Ban taɓa kallon wani abu haka ba. Ruwa ya tsuge a kan kwanon rufin, wani kan jirgi yana huci a bayanmu, ana buga ƙarfe a can ciki, amma ni ɗan farin wurin nan da bai kai farcen babban yatsa ba shi kaɗai nake gani. Ya bushe. Fari ne. Na ga kamar layi, na ce ga shi, saje ya leƙa ya ce gashin tsumma ne, ya hure shi. Na fara karanta zabura a zuci, na kai tsakiya na manta, na koma farko. Aka kira sallar Juma'a, tsoho ya wanke hannu.

"Kada kowa ya taɓa. Ke musamman."

Ya tafi masallaci ya bar mu. Kyaftin ya yi ta kai da komo. Sau ɗaya ya tsaya a gabana ya ce, "Kin ci abinci?" Na ce e, alhali ban ci ba. Na rasa ko mutumin nan maƙiyina ne ko mai cetona. Shi ne zai kai ni Kaduna, shi ne kuma ya ɓata rabin yini a loko saboda ni. Ko ba saboda ni ba ne, saboda ƙarfen ne? Ban sani ba.

Da tsoho ya dawo bai ko zauna ba. Ya ɗauki sakatar, ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya ƙwanƙwasa ta sau biyu da 'yar guduma, ya jira.

"Injiniya."

Suka haɗa kai. Saje ya je ya sa nasa. Ni ban tashi ba. Sai da kyaftin ya kira ni. A cikin allin, daidai inda kunnen ya haɗu da jiki, akwai wani siririn layi mai ruwan ƙasa, kamar an ja da zare mai maiƙo. Ɗazu babu shi.

"Wannan ne?" na ce. "Shi ke nan?"

"Tukuna," in ji kyaftin.

Tsoho ya matse sakatar a cikin wani ƙarfe mai baki biyu da ke kafe a teburinsa, ya ce mu ja baya. Ya ɗora wani guntun ƙarfe a kan kunnen, ya sauke guduma sau ɗaya. Ba da ƙarfi sosai ba ma. Kunnen ya ɓalle ya faɗi a kan tsumma. Kyaftin ya ɗauke shi da takarda, bai yarda yatsansa ya taɓa fuskar ba, ya sa gilashi. Ya daɗe. Sannan ya miƙo mini.

Gefe ɗaya yana haske, da ƙwaya-ƙwaya. Ɗaya gefen, fiye da rabi, baƙi ne, da tsatsa, da layuka a lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya.

"Tsagar nan ta girme aikinki a barikin nan," in ji shi. "Ta yiwu tun lokacin yaƙin basasa take tafiya. Babu magagari a nan, babu hannun kowa. Da ba wancan kunnen ne ya fara tafiya ba, da wannan ne, nan da 'yan harbi kaɗan."

Ya naɗe guntun a auduga, ya sa a kwalin ashana, ya sa a aljihun ƙirjinsa ya maɓalle. Ya ce wa saje a fito da mai gyaran daga gadirum, kuma duk bindigogin da suka zo tare da wannan kada a sake harba ko ɗaya sai an yi musu kananzir da alli. Yana ta ba da umarni, ni ina tsaye ina jiran inda zai ambace ni. Bai ambace ni ba. Ya gode wa tsoho, ya nufi mota. Na bi shi da ƙunshina har cikin ruwan.

"Ranka ya daɗe, ni fa?"

Ya juyo kamar ya manta da ni.

"Ke kuma me? Ki tafi gida."

"Ba za a tafi da ni ba?"

"Ba za a tafi da ke ba. Babu wanda zai neme ki."

"To ban yi laifi ba ke nan?"

Ya cire tabarau ya goge ruwan da hannun riga. "Kin yi. Babba ma. Da kunne ɗaya gare ta, da yanzu muna hanya." Ya mayar da tabarau. "Amma ba irin laifin da ake kai mutum Kaduna ba ne. Ki tafi, ruwa yana dukanki."

Motar ta tashi. Agogon tasha ya nuna uku da rabi. Na tsaya a tsakanin layukan dogo, na rasa ta wane gefe ake fita, ni da nake bin wurin nan kullum. Sai tsohon ya leƙo daga ƙofar loko ya ɗaga murya:

"'Yata, hagu! Dama jirgin Jos ne ke shigowa!"

Na bi hagu.